Yadda Ake Sayar da Gida a Sayi Wani Ba Tare da Iyali Sun Rasa Matsuguni Ba

Wanda zai sayar da gidan da yake ciki don ya sayi wani, ciniki biyu ne a gabansa, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Na sayarwa yakan faɗa cikin mako biyu idan an dace da mai kuɗi a hannu. Na saye kuwa yana iya cin wata uku ko fiye, domin sai an nema, an duba gini, an bi diddigin takarda. Kusan duk wahalar da ake sha a tsakanin nan take: an karɓi kuɗin mutane, mai saye yana aiko yaro neman makulli, iyali sun ƙulle kaya, sai kuma a ji gidan da aka sa wa rai na gado ne da ba a gama rabawa ba. Matakan da ke ƙasa sun bi yadda harkar take a Kano da Kaduna da Abuja, amma dokar ƙasa ɗaya ce a duk Najeriya, ofisoshi da kuɗin da ake biya ne suke bambanta daga jiha zuwa jiha.

Lissafi tukuna, kafin dillali ya ji

Kuɗin da aka sallama gida a kansa ba shi ne zai shiga aljihunka ba, kuma farashin sabon gida ba shi kaɗai za ka biya ba. A ɗauka an sayi gidanka naira miliyan 40. La'adar da aka saba ji ita ce kashi 5 cikin ɗari, wato miliyan 2, saura 38. Idan ka taya gidan miliyan 37 kana ganin ka rage canji, ka riga ka shiga bashi, don la'adar wancan ɓangaren ma tana jiranka, ga kuɗin lauya, ga na bincike, ga na sauya suna a ma'aikatar ƙasa, ga fenti da gyaran famfo da motar kwasar kaya. Ka ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na abin da ya rage a hannunka don waɗannan. A misalin nan, gidan da za ka nema kada ya wuce miliyan 32 zuwa 33.

Ka rubuta wannan adadin, ka riƙe shi a cikinka. Dillalin da ya san nawa aka biya ka, gidajen da zai kai ka duk farashinsu zai zo daidai da kuɗin.

A wannan matakin ne kuma ake zama da iyali. Ɗaki nawa ake bukata, idan mata biyu ne ko kowace za ta sami sashenta, nisan makarantar yara da Islamiyya, nisan kasuwa ko wurin aikin maigida. Ciniki da yawa ya warware bayan an ba da kafin alƙalami saboda sai a lokacin aka kai uwargida ta ga wurin.

Tattara takardun gidanka

Tun 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ya mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardar shaidar mallaka da ake kira C of O galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama. Don haka mai saye mai hankali zai tambayi abu huɗu: asalin takardar mallaka ko takardar ba da fili, zanen safiyo, takardun cinikin da suka nuna yadda gidan ya bi hannu-hannu har ya zo gare ka, da rasiɗin harajin fili na shekara-shekara. Idan akwai izinin gini daga hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a haɗa da shi.

Harajin filin nan mutane suna raina shi, sai ranar sayarwa ya fito a dunƙule. Ma'aikata ba za ta taɓa fayil ɗin ba sai an biya bashin. A Abuja abin ya wuce haka, domin a 2025 an soke takardun filaye sama da 4,000 saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya ba. Je ka tambayi abin da ake bin ka tun kafin ka sa gida a kasuwa.

Gidan unguwar awon igiya ko na cikin gari wanda ba shi da takardar gwamnati yana sayuwa, sai dai hujjarsa takardun cinikin baya ne da sa hannun mai unguwa ko dagaci, da shaidun da suke raye. Ka nemo su tun yanzu. Idan kuma ka taɓa jinginar da takardar a banki, sai an biya bashin, banki ya ba da takardar sakin jingina, an kai ta ma'aikata an goge jinginar daga fayil. Wannan kaɗai yana cin makonni.

Hoton takarda ake ba dillali, shi ma a rubuta a jikinsa cewa na dubawa ne kawai. Asalin takarda ba ta barin hannunka sai ranar da kuɗi ya cika.

Wanne za a fara: sayarwa ko saye?

Mai hali ya fara saye, ya tare, sannan ya sayar da tsohon a natse. Gidan da ba kowa a ciki ya fi saurin shiga, kuma mai shi ba ya karyar da farashi. Amma yawancin mutane kuɗin wannan gida ne zai sayi wancan.

Ga irinsu, tsarin da ya fi aminci shi ne a fara nema kafin a sallama. Ka sa gidanka a kasuwa, a lokaci guda kana yawon duba gidaje. Kada ka ce "na sallama" sai kana da gida biyu ko uku da ka gani da idonka, ka san farashinsu na gaskiya, kuma lauyanka ya fara leƙa takardar aƙalla ɗaya. Gida ɗaya tak bai isa ba. Mai shi yana iya fasawa, ko ɗan'uwansa ya dawo daga tafiya ya ce bai yarda ba.

Sayarwa a zauna da kuɗi "har Allah ya kawo wanda ya dace" shi ne mafi haɗari. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Buhun simintin da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare a Fabrairun 2024, kuma masu gidaje da farashin siminti da rodi suke auna nasu. Wanda ya riƙe kuɗin gida wata takwas a irin wannan yanayi, sai ya tarar kuɗin gida mai ɗaki huɗu ya koma na mai ɗaki uku. Ga kuma 'yan'uwa da abokan arziki da za su ji labari, kowa da larurarsa, kuma kowace ta gaske ce.

Dillali da farashi

Kada ka ba dillalai goma. Gida yakan yi kwantai idan kowa yana yawo da shi da farashinsa daban, mai saye ya ji miliyan 45 a bakin wannan, 38 a bakin wancan, sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Zaɓi ɗaya ko biyu da aka sani a unguwar, masu ofis ko rumfar da za a same su gobe. Ku yi magana a kan la'ada tun farko, a rubuce: kashi nawa, wa zai biya, kuma sai kuɗi ya cika za a ba da ita. A gida mai tsada ana sasantawa ƙasa da kashi 5.

Sai 'yan kayi-na-yi. Tsakanin mai gida da mai saye ana iya samun mutum shida, kowa ya ce da shi aka yi. Ka faɗa wa dillalinka cewa la'ada ɗaya ce, shi zai san yadda zai raba da su. Wata dabarar da ake yi ita ce ɗora riba a ɓoye: ka sallama a 40, a gaya wa mai saye 44, a raba 4 a bayan idonku. Maganinta ku haɗu ido da ido da mai saye kafin a rubuta komai, kuma kuɗi ya fito daga asusunsa kai tsaye zuwa naka.

Wajen sa farashi, tambayi nawa aka sayar da gidaje irin naka a layin cikin shekarar, ba nawa masu su suka sa musu ba. Ka kuma fara yi wa maƙwabcin da kuke katanga ɗaya tayi. Ladabi ne, sannan sau da yawa shi ya fi kowa bukata don yana son faɗaɗa nasa, kuma ba sai ya yi dogon bincike a kanka ba.

Kafin alƙalami da abin da za a rubuta

Nan ne ake ɗaure ciniki biyun wuri guda, don haka kada a bar shi ga takardar da dillali zai rubuta a kan gwiwarsa. Lauya ya rubuta yarjejeniya, ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu kamar yadda suke a katin shaidarsu, lambar fili da iyakokinsa ta gabas da yamma da kudu da arewa, farashi da lamba da kuma kalmomi, abin da aka bayar yau, da ranar da za a cika. A rubuta kwanan wata. "Nan ba da jimawa ba" da "in an biya ni kuɗin kwangila" sun tsayar da gidaje shekara guda, mai gida bai sami kuɗi ba kuma bai isa ya sayar wa wani ba.

A fayyace makomar kafin alƙalami idan ciniki ya warware. A mazhabar Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye shi don mai saye ya fasa ba, malaman Hambaliyya kuwa sun halatta. Kotunan zamani su ma suna bambanta kuɗin da aka ajiye don ɗaure ciniki da wanda aka bayar a matsayin kashin farko na farashi. Tunda fahimta ta rabu haka, ku rubuta abin da kuka amince: za a mayar duka, cikin kwana nawa, kuma wa zai ɗauki kuɗin lauya da na binciken da aka riga aka kashe. Kai mai sayarwa, kada ka taɓa kuɗin nan sai ciniki ya tabbata, domin ranar da aka ce a dawo da shi ba a karɓar uzuri.

Abu mafi muhimmanci gare ka shi ne wa'adin tashi. Ka nemi a rubuta cewa za ka ci gaba da zama kwana 60 zuwa 90 bayan an cika kuɗi. Wani mai sayen zai yarda kyauta, wani zai ce a yanke masa haya, wani kuma zai riƙe kashi 10 cikin ɗari sai ranar karɓar makulli. Duk ukun sun fi a kwashe iyali a raba su gidajen dangi. Idan an ƙi ba ka wa'adi sam, ka sa hayar aƙalla wata shida a lissafinka, ka kuma sani masu gidajen haya da yawa kuɗin shekara suke nema a dunƙule.

Sai jerin abin da ke cikin ciniki da wanda za a cire. Tankin ruwa, injin rijiyar burtsatse, farantan sola da batura, fankoki, na'urar sanyaya ɗaki, kantocin kicin, ƙofofin ƙarfe. Rigimar da ake yi a kan injin burtsatse bayan an gama cinikin miliyoyi abin kunya ce, amma kullum ana yin ta. Ku zaga gidan tare, ku rubuta, ku ɗauki hoto.

Shaidu biyu daga kowane ɓangare, waɗanda ba dillalan cinikin ba.

Binciken gidan da za ka saya

Wanda wa'adi ya matsa wa shi ne ya fi saurin faɗawa rami, kuma masu sayar da gidan rigima suna gane mai gaggawa tun daga sallamarsa. Bincike hawa uku ne, kada a tsallake ko ɗaya.

Na farko a ofis. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya nemi binciken fayil a hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, NAGIS a Nasarawa, ko ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jihar. Rahoton zai nuna sunan da ke kan fayil, girman filin, abin da aka ba da shi don a yi, ko akwai jingina, ko an soke takardar, ko wani ya shigar da gargaɗin kada a taɓa. Idan sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne, sai ya kawo takardun da suka haɗa shi da mai sunan, ɗaya bayan ɗaya ba giɓi. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili, saboda haka takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma ko wajen sarkin ƙauye ba ta wadatar ba. Sannan ka ɗauki ma'aikacin safiyo mai rajista ya je ya auna. Yakan faru takarda ta gaskiya ce amma ta wani fulotin ce a layin baya, ko kuma katanga ta ci hanya da ƙafa biyar. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kama kusan murabba'in mita 465. Abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takarda.

Na biyu a bakin mutane. Ka koma unguwar kai kaɗai ba tare da dillali ba. Gaida mai unguwa, yi salla a masallacin layin, zauna wurin mai shayi. Tambayoyin ba su da yawa: gidan waye, me ya sa zai sayar, an taɓa kawo wani ya saya, an taɓa zuwa daga kotu ko a shafa jan fenti a katanga? Gidan da ake shari'a a kansa, wanda ya saya ya sayi shari'ar ne, hukuncin da aka yanke zai hau kansa.

Idan gidan gado ne, a ninka taka-tsantsan. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ka san adadin magada, kowannensu ya sa hannu da kansa, har matan mamacin masu tumuni da 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu a wani gari. Rabon marayu ƙanana sai da izinin alƙali. Akwai kuma shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar maka da kasonsa, sauran suna da haƙƙin su biya ka abin da ka biya su karɓe, kuma a Malikiyya wanda yake gari yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙin a mazhabar, na abokin tarayya ne. Idan iyalin ba Musulmi ba ne, takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu za ka nema, kuma waɗanda aka ambata a cikinta su ne masu sa hannu.

Idan da 'yan haya a ciki, ka ga takardar hayarsu da ranar ƙarewarta. Mai hayar shekara, in ba a rubuta wani abu daban ba, yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, bayan nan a ba da na kwana bakwai kafin a je kotu, kotu kuma ba ta sauri. Kai da ke da kwana 90 a tsohon gidanka ba ka da wannan lokacin. Sharaɗinka ya zama gida ba kowa a ciki kafin cikon kuɗi, kuma fitar da su aikin mai sayarwa ne.

Na uku a jikin gini. Ka je da magini ko injiniyan da kai ka ɗauko. Lokacin da gida ke faɗin gaskiya shi ne damina, musamman Agusta. Idan da rani ne, sai a karanta alamu. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai yana nufin ana ɓoye jiƙa. Farin gishiri a gindin bango da filasta mai zuba in an ƙwanƙwasa, ruwa ne ke hawowa daga tushe. Dubi katangun maƙwabta, za ka ga layin da ambaliya ta tsaya. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a sama ko a ƙasa, alamar tushe yana zaunawa ne, ta bambanta da 'yar tsagar filasta. A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina akwai gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara. Tsofaffin unguwa sun san wuraren, ka tambaye su. A hau cikin silin da tocila a duba katako saboda gara da kwanon da ya yi tsatsa. A buɗe murfin sokawe, a auna nisansa da rijiya. In sun yi kusa da juna, ruwan ba na sha ba ne. A kunna famfo, a tambayi ko rijiyar tana ƙafewa a watan Afrilu.

Ka ɗaga kai kuma. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV yana da hurumin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30. Ginin da ya shiga hurumin nan, ko ya hau magudanar ruwa ko gefen titin da aka tsara, yana iya shan rusau komai kyan takardar cinikinsa.

Kada a manta da mitar wutar lantarki. Karɓi lambarta ka je ofishin kamfanin wuta, wato KEDCO, ko Kaduna Electric, ko AEDC, a buga maka abin da ake bin gidan. Bashin wuta yana manne da lambar, kuma ranar da aka zo yanka, wanda aka tarar a gidan shi ke shan zafi. A cire bashin daga farashi, haka ma na hukumar ruwa.

Ranar biyan kuɗi

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Zancen kawo kuɗi a buhu ya ƙare. A haɗu a cikin banki da safe, ranar aiki, a guji yammacin Juma'a. Idan kai ke karɓa, kada ka dogara da saƙon waya, don ana ƙirƙirar na bogi. Ma'aikacin banki ya buga maka bayanin asusu ka ga kuɗin sun zauna. Cek kuwa sai kuɗinsa sun shiga asusunka tukuna. Idan kai ke biya, ka je bankinka kwana biyu kafin ranar, domin iyakar abin da manhajar waya ke turawa a yini ba ta kai kuɗin gida ba, sai an cike takarda. Sunan da ke asusun da za ka tura wa ya zama na mai gidan. A gidan gado, asusun da duk magada suka ambata a rubuce.

A zama ɗaya ake musayar komai: kuɗi ya shiga, a sa hannu a takardar miƙa mallaka, a miƙa asalin takardu, a ba da rasiɗi. Idan za a iya, a jera cinikin biyu cikin mako guda, ka karɓa Litinin ka biya Laraba.

Idan dole kuɗi ya kwana a hannunka, ka san cewa hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tun 2024 naira miliyan 5 take tabbatar wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, a ƙananan bankuna miliyan 2. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu ajiyar da ta haura haka sai jiran sayar da kadarorin bankin suka yi. Ka ajiye a banki mai ƙarfi, cikin asusun da ba shi da katin cire kuɗi kuma ba a haɗa shi da waya ba. Kada a juya kuɗin gida a kasuwa "kafin a samu", ko da hatsi ne aka ce zai tashi. In kuma kuɗin ya shekara a hannunka, zakka ta hau kansa, kashi 2.5 cikin ɗari.

Sauya suna

Mutane da yawa suna tsayawa da zarar makulli ya shiga hannu, alhali a idon hukuma gidan yana nan da sunan mai shi na da. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce ba a miƙa haƙƙin mallakar da gwamna ya bayar sai da sahalewarsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Lauya zai shigar da takardar miƙa mallaka tare da hotuna da shaidar biyan haraji, ma'aikata ta ƙiyasta darajar gidan, a biya kuɗin sahalewa da na hatimi da na rajista, sannan a shigar da sunanka. Ku rubuta tun farko wa zai biya wanne. Mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman sahalewa a ranar da ya karɓi kuɗinsa, domin nemo shi bayan shekara biyu aiki ne, in kuwa ya rasu sai ka bi magadansa ɗaya-ɗaya.

Wasu suna tsayawa a takardar wakilci don gudun kashe kuɗi. Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na yin abu a madadin wani. Matuƙar fayil yana ɗauke da tsohon suna, ana iya cewa takarda ta ɓata a nemi wata, a sake sayar da gidan ko a jinginar da shi. Gidan da ba shi da takardar gwamnati, bayan sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ka buɗe masa fayil da sunanka.

Tashi

In da zaɓi, a tashi lokacin hutun makaranta, a kauce wa tsakiyar damina da goman ƙarshe na azumi. Gyaran da ke tayar da ƙura, kamar fasa tayil da sauya wayoyin wuta da feshin gara, a gama shi kafin kaya su shiga. Mako biyu daga cikin wa'adinka na wannan ne. Auna ƙofofin sabon gida kafin ranar, domin gado da sif na kayan ɗaki sai kafinta ya kwance su, kuma shi ya kamata ya ɗaura. Duba ko babbar mota za ta shiga layin. In lungu ne, sai a-kori-kura ko 'yan kura su yi jigila daga bakin titi, wannan ma kuɗi ne. Takardun gida da gwala-gwalan mata da takardun makarantar yara su tafi a hannunka, ba a bayan mota ba.

Mitar tsohon gida ta gidan ce, ba a cire ta a tafi da ita. Ɗauki hoton abin da ta nuna ranar fita, ka biya abin da ake bin ka, ka ba sabon mai gida rasiɗin tare da makullai a gaban shaida, ya sa hannu cewa ya karɓi gida yadda aka yi alkawari, ya kuma sakar maka kashin da ya riƙe. A sabon gida, kafin a sauke katifa ko ɗaya, a sauya kwaɗon ƙofar waje da makullan ɗakuna, don ba ka san dillali nawa ne suka yanka nasu ba lokacin da gidan yake kasuwa. Washegari ka je ka gabatar da kanka wurin mai unguwa, ka tambayi kuɗin 'yan sintiri da ranar da ake kwashe shara.